Sunan da Ke Kan Hular Herlinda

Willow Ford, Nebraska
Laraba, 8 ga Oktoba

Nohemi, 'yar bokona,

Kafin gaisuwa ga ƙacici-ƙacici, tunda kin ce a makarantarku ta aikin jinya babu tambayar da ke kayar da ke. Wane gida ne ya wayi gari da mutum ɗari huɗu, kafin rana ta take motocinsu na tsaye a ƙofa, abincin ranarsu na jere ko buɗewa ba a yi ba, amma masu su babu ko ɗaya? Ba gobara, ba annoba, ba biki. Kada ki wahalar da kanki. Mayankar garinmu ce, jiya Talata.

To, yanzu ina gaishe ki. Ina fatan kina lafiya, kina cin abinci mai nauyi ba ganyen nan da kuke ci kamar zomaye ba. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta, amma jiya ta yi gudun da rabonta da shi tun ina budurwa.

Da hantsi ina tsaye ina gasa tortiya, wainar masararmu, sai na ji jirgi mai saukar ungulu yana kewaya saman mayanka, ƙasa-ƙasa, har kofuna na rawa a kan kanta. Sai ga Komadre Fidelia, uwar baftismarki, ta faɗo gida da takalmi ɗaya a ƙafa.

"Doña Eulogia, Migra! Kashe wutar nan ki fito!"

Na ce, "Komadre, ƙullun fa?"

Ta ce, "Ƙullun ba wanda zai tambaye shi takarda. Ke za a tambaya!"

Migra, 'yan shige da ficen nan, sun tsare kowace ƙofa ta mayankar. An ce sun raba mutane gida biyu, masu takarda nan, marasa takarda can, suka sa musu ankwa suka zuba su a bas-bas masu rufaffen gilashi. Wasu sun tsallake shinge sun faɗa gonar masara, har yanzu ana ta fitowa ɗaya-ɗaya.

Muna zauren coci, mun fi ɗari biyu. Sista Bernadine, wadda kike cewa tana tafiya kamar agwagwa, ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa da sandarta, ta ce duk mai son shiga sai dai ya bi ta kanta. Malaman makaranta su suka riƙo hannun yara suka kawo su nan, don kada yaro ya koma gida ya tarar da ƙofa a kulle. Baturiyar nan mai gidan burodi, mai hararata in na matsa burodinta, ita ta kawo mana buhu uku, tana ajiyewa tana share ido. Na ce ashe tana da hawaye, ni da na ɗauka harara kawai aka ba ta.

Yau da safe lauyoyi sun kawo jerin sunayen waɗanda aka kama. Sista ta karanta sau biyu. Uwarki ba ta cikin jerin.

Ba zan rubuta fiye da haka ba, an ce suna buɗe wasiƙu. Kada ki kira wayar kowa, an ce suna saurare. Ki aiko amsa ta adireshin coci.

Kakarki,
Eulogia

Spokane
Asabar, 11 ga Oktoba

Kaka,

Ina gaishe ki, ina gaida gwiwar da ta tuna ƙuruciya. Ni lafiyata ƙalau, yau dai na iya cin abinci.

Tun ranar Talata na ga abin a talabijin ɗin asibitin da muke koyon aiki. Na gane shingen mayanka, na gane motar Mama a fili, sai da wata ta riƙe ni. Na kira wayar Mama ya fi sau arba'in, a kashe. Na kira Madrina Fidelia, uwar baftismata, ta ce "muna lafiya" ta katse. Kwana huɗu ban san inda kaina yake ba, sai ga wasiƙarki.

Kaka, na gane abin da kike nufi, ba sai kin faɗa ba. Ba ta cikin jerin, wato tana cikin waɗanda suka tsallake, tana wani wuri da ba a rubutawa. Na je coci na kunna kyandir na godiya. Ki faɗa mata in ta kwana a gonar nan ta sha wani abu mai zafi, kin san ƙirjinta da sanyi. Ki faɗa mata kuma ashe duk ciwon bayan da take yi mana kuka da shi ƙarya ne, tunda ga shi ta haura shinge.

A nan mun fara tara sa hannu, ni da 'yan ajinmu, za mu aika wa 'yan majalisa. Wata ta ce min ba ta san ana kama mutane a wurin aiki ba. Na ce mata naman da ta ci jiya wataƙila uwata ce ta yanka shi.

Ƙacici-ƙacicinki bai yi daɗi ba. Ki nemo wani.

Jikarki,
Nohemi

Willow Ford
Laraba, 15 ga Oktoba

Nohemi,

Ina gaishe ki. Lafiyar jiki akwai ta. Ki zauna kafin ki karanta sauran.

Na karanta wasiƙarki na rufe fuskata da zane. Laifina ne, tsoro ya sa na yi miki rabin magana. Uwarki ba ta tsallake shinge ba. Wata da ta ɓuya a ɗakin sanyi ta gan ta da idonta ana sa ta a bas. Kwana takwas ke nan ba mu san inda take ba.

Dalilin da ba ta cikin jerin shi ne, a mayanka babu wata Herlinda. Kin sani, kowa ya sani, da sunan aro ake aiki a can. Sunan da ke kan takardar da aka ɗauke ka da ita, shi ake rubuta maka a gaban hular kwano, shi ake kiranka da shi, shi kuma Migra ta rubuta. Uwarki tana cikin jerin nan, Sista ta karanta ta sau biyu a gabana, ina zaune ban san ita ba ce.

Shekara shida da suka wuce, ranar da ta fara aiki, ta dawo ta ce, "Mama, bari in faɗa miki sunan, ko don wata rana." Na toshe kunnena. Na ce ni na haife ki, ni na raɗa miki suna, ba zan ji na wata ba. Kuma kin san bakina, abin da ya shiga da safe kafin la'asar ya zaga unguwa. Ta yi dariya ta ce gaskiya ne. Duk takardar da ke ɗauke da sunan a akwatinta na wurin aiki take barinta, yanzu an garƙame wurin. Waɗanda ke tsaye kusa da ita a layi duk an tafi da su.

Akwai wata lauya, Karin, doguwa kamar falwaya, ta zo daga birni tana yi mana aiki kyauta. Na ce mata ga sunan 'yata na gaskiya, je ki tambaye su. Ta riƙe hannuna ta ce kul. In ta kai musu sunan gaskiya, ta nuna musu da kanta cewa Herlinda ta yi aiki da takardar wani, wannan kuma kurkuku ne kafin kora. Sai ta san sunan aron ne za ta iya neman ganinta. Ta ce kuma a can ciki ana miƙa musu wata takarda su sa hannu, a ce musu in sun sa za a gama da su da wuri. Wanda ya sa ya yafe ganin alƙali, sai jirgi ya fitar da shi daga ƙasar. Uwarki ba ta karanta Turanci, Nohemi. Abin da nake tsoro ke nan.

Jiya an yi taron gari a makaranta. Ban je ba, har yau ban taka waje ba, Komadre ce ta laɓe a baya ta kawo min labari. Wani ya miƙe ya ce doka doka ce. Sai shugabar makaranta ta ce yara saba'in ba su zo aji ba tun ranar, ya zo ya karanta musu dokar. Wani manomi ya ce shekara ashirin yana sayar wa mayanka shanu, bai taɓa ganin Migra ta sa wa masu wurin ankwa ba, sai masu riƙe wuƙa. Sun rubuta takarda zuwa majalisa, cewa a daina kame a wurin aiki, a kuma yi dokar da wanda ya daɗe yana aiki zai sami takarda da sunansa na kansa. Da an yi ta tuntuni, da yau ba na neman 'yata kamar wadda ta ɓatar da akuya ba ta san launinta ba.

In kin san sunan, ko rabinsa, ki rubuto. Kada ki zo.

Kakarki

Spokane
Asabar, 18 ga Oktoba

Kaka,

Ina gaishe ki. Ba zan ce ina lafiya ba.

Kin bar ni na kunna kyandir na godiya. Kin bar ni ina yi mata ba'a a kan shinge, tana can da ankwa. Ban san yadda zan yi da wannan ba, don haka na ajiye shi gefe, za mu yi maganarsa wata rana.

Ban san sunan ba. Sau ɗaya, ina 'yar shekara goma sha huɗu, muna kanti wata mata ta kira Mama da wani suna, Mama ta ja hannuna muka fita ba mu sayi komai ba. Tun jiya nake matsa kaina, ko harafin farko ya ƙi zuwa.

Ni a ƙasar nan aka haife ni, ba wanda zai taɓa ni. Zan hau bas in zo, in bi gidajen da suke tsare mutane ɗaya bayan ɗaya. In makaranta ta kore ni ta kore ni.

Ki amsa min da wuri, kuma wannan karon ki faɗi duka.

Nohemi

Willow Ford
Juma'a, 24 ga Oktoba

Nohemi, mai fushi da tsohuwa,

Ina gaishe ki, fushin kuma na karɓa, na cancanta. Na jinkirta amsa ne don ina so in sami abin faɗa. Tari ya kama rabin mutanen zauren nan, ni dai ya tsallake ni, ko shi ma yana tsoron bakina.

Ki zauna inda kike. In kin je ƙofarsu, wa za ki ce kina nema? Za ki ba su katinki mai sunan gidanmu, ki ce uwata, ki kwatanta ta. Ke da hannunki za ki haɗa musu suna biyun. Lauya ta ce in ja miki kunne, na ja.

Yanzu ga duka, yadda kika ce.

Ba ni kaɗai ba ce, gida goma sha ɗaya ne ba su san sunan hular nasu ba. Sai Sista ta yi dabara. Mu mun san fuska da sunan gida, Turawan da ke aiki a mayanka sun san fuska da sunan hula. Ta ce kowa ya kawo hoto a jera a tebur, ta kira su su zo su duba. Zauren ya kaure. Wasu suka ce ai cikinsu ne aka sami wanda ya kira Migra, yanzu kuma mu miƙa musu fuskokin 'ya'yanmu? Gida uku suka ƙi. Ni kaina na sa hoton a tebur na ɗauke, na sa na ɗauke, har Komadre ta buge min hannu.

Mutum biyar suka zo. Akwai wani tsoho, Mista Vernon, jan wuya, ba ya dariya, shi ke wasa wuƙaƙe a mayanka yana raba safar ƙarfe kowace safiya. An ce an gargaɗe shi kada ya zo, ya ce shekarunsa sittin da huɗu, su kore shi ya huta. Yana bin tebur da hannu a baya yana cewa, wannan wane ne, wannan wance ce, lauya na rubutawa. Da ya iso kan uwarki sai ya tsaya. Hoton ranar baftismarki ne, tana cikin kayanmu na gida, gashi a tsefe har baya, tana dariya. Ya duba, ya duba, ya girgiza kai.

Sista ce ke yi mana tafinta. Ya ce, "Ki ba ta haƙuri. A can ciki mata duk da hula suke, da ragar gashi, da ƙyalle a baki. Ido kawai nake gani. Kuma ban taɓa ganin wata tana dariya haka ba."

Na sa yatsu na rufe goshin hoton da bakin, na bar idon. Ya sake dubawa ya ce ba zai yi min ƙarya ba, bai tabbata ba.

Sai bakin nan nawa ya kama aiki shi kaɗai, don in na yi shiru kuka zan yi. Na ce, "Sista, faɗa masa ba mamaki bai gane ta ba, yarinyar da komai nata a juye yake. Tun tana ƙarama nake dukan hannun nan ta ci da dama, ta ƙi, bahaguwa ce har gobe."

Sista ta ce, "Doña, wannan ma in fassara?"

Na ce, "Fassara, ai ba zagin Fadan coci na yi ba."

Tana fassarawa tsohon ya ɗago kai. Ya ce safar ƙarfe a hannun da ba ya riƙe wuƙa ake sa ta. Kowa ta hagu yake karɓa. Mata uku ne kawai a duk mayankar ke karɓar ta dama, kuma kullum sai ya ware musu tasu a ƙusa dabam. Ɗaya doguwa ce, ɗaya yarinya ce ƙarama. Ta ukun gajeriya, ba ta magana, amma in wuƙa ba ta yi mata ba sai ta dawo da ita ta ajiye masa a gabansa ta tsaya tana kallonsa har sai ya sake wasawa.

Na ce, "Ita ce! Haka take kallona in gishiri ya yi yawa!"

Brenda Ocasio. Ki ji fa. Shekara shida 'yata na amsa Brenda, sunan da ko kaza ba zan raɗa wa ba. Na kama hannun tsohon na sumbata, ya yi ja har kunne.

Sunan yana cikin jerin, amma an kwashe ta zuwa wani gidan tsaro a kudu, tafiyar yini biyu. Lauya ta tafi jiya. Ba mu san ko ta riga ta sa hannu ba. Kwana goma sha bakwai ke nan, wasu kuma a kwana na uku suka sa. Duk motar da ta tsaya a ƙofar coci sai na leƙa ta taga.

Ki ƙona wannan wasiƙar in kin gama.

Kakarki

Willow Ford
Litinin, 3 ga Nuwamba

Nohemi,

Ina gaishe ki. Ban ga amsarki ba, ko fushi ne ko jarrabawa, duk wanda ne Allah ya ba ki sa'a. Tarin nan ya gaji da jin tsoro ya kama ni, amma da sauƙi.

Lauya ta ga Brenda Ocasio ranar Litinin da ta wuce, ta bayan gilashi. Ta ce gajeriya ce, ta rame, ta naɗe hannu a ƙirji. Lauya ta ce mata daga wurin uwarki nake, Eulogia. Sai matar ta dube ta ido cikin ido ta ce, "Ba ni da uwa a ƙasar nan. Ba ni da kowa." Ta tashi ta koma ciki.

Da lauya ta kira Sista ta faɗa mata, na ce shi ke nan, tsohon ya yi kuskure, wata ce. Komadre ta ce, "Ke dai kin tsufa a banza. Baturiya ta zo mata da sunanki a wurin nan, ke da ba ki da takarda, me kike so ta ce? Ɓoye ki take yi." Na shiga bayi na rufe ƙofa na daɗe.

Lauya ta ce sai na aika da maganar da ba mai saninta sai ni da ita. Sista ta ce in aika da addu'ar da na koya mata tana yarinya. Na ce addu'a kowa ya iya, har Migra na zuwa coci. Na ce a tambaye ta, tana 'yar shekara bakwai, ranar tunawa da matattu, wa ya cinye kabewa da tamale, alalen masarar nan, da muka kai kabarin kakanta, sannan ya ce mamacin ne ya tashi da yunwa? Sista ta ce, "Doña Eulogia, a irin wannan hali?" Na ce rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara.

Ba su ba lauya damar komawa ba sai Asabar. Kwana biyar ina kwance ina tashi da tunanin wata takarda da biro.

Jiya Lahadi aka yi tattaki daga coci zuwa ƙofar mayanka. Na ce ba zan fita ba, sai ga Mista Vernon a bakin ƙofa da hularsa a hannu, ya miƙo min gwiwar hannu kamar zai kai ni rawa. Turawan garin suka sa mu a tsakiya, su suka yi mana bango hagu da dama, malamai, manoma, mai burodi, har wasu daga garuruwan kusa. Wani ya wuce a mota ya zage mu. Wata farar mota kuma ta yi ta binmu a hankali, ban san ko su ba ne, har yanzu ban sani ba. A ƙofar mayanka aka karanta takardar da za a kai majalisa, mutum fiye da dubu sun sa hannu. Ni ban sa ba, tsoro bai bar ni ba. Na dai tsaya a wurin da ƙafata.

Muna dawowa Sista ta tare ni da saƙon lauya. Lauya ta ce ta karanta wa matar tambayar daga takarda, da Sifaniyancinta mai kama da tauna tsakuwa. Sai matar ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta na rawa, lauya ba ta san kuka take ko dariya ba. Da ta ɗago ta ce, "Ki faɗa wa tsohuwar nan kabewar kawai na ci. Tamalen kare ne ya ɗauka."

Ƙarya take yi, ita ta cinye duka.

Ba ta sa hannu ba, Nohemi. Sau huɗu suna kawo mata takardar tana tura musu abinsu. Ranar sha tara ga wata za a kai ta gaban alƙali, lauya za ta tsaya mata. Na tambaya ko za a sake ta, lauya ta ce ba za ta yi min alkawari ba, dokar da ke akwai ba ta da faɗi. Za ta buƙaci takardar haihuwarki da wasiƙa daga makarantarku, ki aiko wa Sista cikin satin nan.

An yarda a rubuta mata. Adireshin yana bayan wannan takardar, Sista ce ta rubuta don kada hannuna ya ɓata shi. Suna karantawa kafin su ba ta, don haka kada ki ambaci ni, kada ki ambaci coci. A bayan ambulan ki sa Brenda Ocasio. A ciki ki ce Mama.

Kakarki,
Eulogia